Yadda ake shirya fita gashin nama bakin tafki a ƙarshen mako

Fita bakin tafki a gasa nama ranar Asabar abu ne da kowa ke so in an ambata, amma da an ce "to wa zai kawo gawayi?" sai kaga gurup yayi tsit kamar ba kowa. A nan ne fa yawancin irin wannan tafiyar ke lalacewa, tun a gida kafin a tada mota. Mutum goma sun yarda za a je, kowa yana zaton wani ne zai riƙo wuƙa, ƙarshenta a isa da kaji huɗu da katan biyu na lemo amma ashana ko ƙwara ɗaya babu. Zan bi da ku tsarin ne tun daga ranar da aka yanke shawara har zuwa kashe wuta, kuma zaku ga na fi daɗewa a kan abu uku, ƙanƙara da wuta da shi kansa ruwan tafkin, saboda su ne masu iya kai mutum asibiti. Sauran ko an manta su dariya kawai za a yi a wuce.

Da farko, ina za a je

Kar ku zaɓi tafki saboda hoton da kuka gani a Instagram. Hoto baya nuna hanya, baya nuna ko akwai banɗaki, kuma galibi an ɗauke shi ne lokacin da ruwa ya cika ciyawa tayi kore shar, ku kuma kuje ku tarar ruwan ya ja da baya ya bar taɓo mai wari. Abin da yafi shine mutum ɗaya ko biyu su leƙa wajen kafin ranar, in ba hali a nemo lambar masu kula da wurin a kira su. Tambayoyin ba yawa: an yarda a hura wuta, in an yarda ko'ina ne ko akwai inda aka ware, ƙarfe nawa ake rufe get, kuɗin shiga kan mutum ne ko kan mota, akwai inuwa, an yarda a shiga ruwa, kamun kifi sai da izini ne.

Waccan tambayar ta wuta kar a raina ta. Tafkuna da yawa na kusa da birane dam ne da aka tare don ruwan shan gari, irin waɗannan kuwa sukan hana iyo, wasu ma su hana wuta gaba ɗaya, wasu kuma lokacin da ciyawa ta bushe ne kawai suke hanawa. Ba daɗi kuzo da nama jiƙaƙƙe mai gadi ya ce muku sai dai ku koma dashi.

Nisa kuma ni a ganina kar ya wuce tafiyar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Da ya wuce haka ƙanƙara ta fara narkewa, yara sun fara rigima, direba kuma zai tuƙo ku gida da dare a gajiye. Ku sauke taswirar yankin a Google Maps tun kuna gida don tana aiki ko babu netwok, a tura wa kowane direba ainihin wurin, sannan a gaya wa wani da bazai je ba inda kuka nufa da lokacin da ake sa ran dawowarku. In kuna da zaɓi ku ɗauki Asabar, saboda in hadari ya ɓata ta akwai Lahadi, in kuma komai ya tafi daidai Lahadin ta zama ta hutu da wanke-wanke.

Rabon aiki, da suna

Wannan shine matakin da mutane ke tsallakewa don suna jin kunyar su zama masu ba da oda. Dan Allah wani ya cire kunya. Kar a rubuta "a kawo gawayi", a rubuta wane kai ne da gawayi da ashana da mafici. Mutum ɗaya shine mai wuta daga hurawa har kashewa, yana iya samun mataimaki amma maganar wuta tasa ce, don in hannu biyar suna juya nama ɗaya babu wanda zai san wanne ya nuna. Mutum ɗaya shine mai kula, wato akwatin sanyin nan, shi ke da ƙanƙara da nama, shi ke cewa a buɗe ko kar a buɗe. In akwai yara sai a fitar da manya biyu ko uku da zasu riƙa karɓa-karɓa wajen sa musu ido, zan dawo kan wannan a ƙasa don yana da dogon bayani. Kuɗi kuma a tara kafin cefane. Wanda ya ce "zan baka in mun haɗu can" kun san dai yadda ake ƙarewa. A rufe lissafin masu zuwa daren Alhamis, duk wanda ya farka da safiyar Asabar yace zai taho da abokai uku to ya taho da namansu.

Cefane

Ƙiyasi mai sauƙi: babban mutum kamar giram 300 na tsoka mara ƙashi, in kaza ce da ƙashinta a kai shi 400 zuwa 500, yara rabin haka. Manya goma kenan kilo 3 na tsoka ya wadatar in akwai abin haɗawa. Mutane sun fi yin kuskure ta wajen gawayi, su sayi nama da yawa gawayi kaɗan. A ƙalla kilo ɗaya na gawayi ga kowane kilo na nama, sannan a ƙara rabin haka a sama saboda iskar bakin ruwa tana cin gawayi sosai, wanda ya rage ai baya lalacewa.

Ku nemi nama mai ɗan kitse a jikinsa, tsoka zalla bushewa take a kan wuta ta koma sai an yi ta fama da haƙori. A kaza cinya ta fi ƙirji haƙuri, ko ta ɗan wuce lokaci tana nan da ruwanta. Abin haɗawa kuma a zaɓi wanda rana bata saurin ɓatawa, burodi, dankali, ɗanyar masara, albasa, tumatir, kokwamba, lemu, ayaba. Salak mai mayonis da ƙwai ku barshi a gida sai in kuna da wurinsa a cikin kula. Dafaffiyar shinkafa ma mutane basu san tana da haɗari ba, in ta wuni da ɗumi-ɗumi a cikin tukunya akwai ƙwayar cutar da ke sakin guba a ciki, kuma ɗumamawa baya kashe gubar.

Ruwan sha lita 3 ga kowane mutum, lemon kwalba baya cikin lissafi. Sai jarka mai lita 20 daban ta wanke hannu da kayan lambu da ko ta kwana. Ruwan tafki komai haskensa ba na sha bane, ba na wanke tumatir bane.

Daren jajibiri, a nan aikin yake

Duk yankan da za a yi a yi shi a gida, inda akwai famfo da sabulu da tebur. Yanka ɗanyar kaza a kan tabarma ƙuda na bi iska na watso ƙura babu abin da yake jawowa sai ciwon ciki. A yanka naman daidai da juna don su nuna tare, na tsinke kamar santimita 3, kaza kuma a tsattsaga cinyoyin har kusa da ƙashi. A kwaɓa mai da gishiri da tafarnuwa da citta da barkono da duk kayan ƙamshin da kuke so, amma kafin ya taɓa nama a ɗebi wani kaso a kwalba daban, wannan shine na shafawa lokacin gashi. Wanda ɗanyen nama ya kwana a ciki ba a shafa shi a kan naman da ya kusa nuna. A zuba naman a leda mai ƙarfi, a ninka ta biyu, a sa a firij ya kwana. Kifi ne kawai banda, in akwai lemon tsami a haɗinsa kar ya wuce minti 30 a ciki don tsamin zai saɓe shi ya riƙa farfashewa a kan waya, gara a shafa masa can.

Akwai dabarar da wasu ke yi wai su ɗan tafasa kaza rabi a gida don ta yi saurin nuna a can. Kar ku yi. Rabin dahuwa tana ɗumama cikin naman ne bata kashe ƙwayoyin cuta ba, sai kuma a ɗauke shi a yi awanni dashi a hanya. Ko dai a dafa ta nuna sarai a sanyaya a firij sai a can a ɗora ta a wuta ta yi ja, ko a tafi da ita ɗanya cikin ƙanƙara.

Yanzu maganar kula. Ƙwayoyin cutar abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selsiyos, a yanayin da ya musu daɗi wasu suna ninkuwa duk minti 20. Shi yasa ƙa'idar da masana lafiyar abinci ke bayarwa ita ce nama, ɗanye ko gasasshe, kar ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32 awa 1 ce kacal. Kuma naman da ya fara illa ba lallai yayi wari ba, hanci ba ma'auni bane a nan.

Don haka kula biyu ake so. Ɗaya ta nama wadda ba a buɗewa sai mai wuta ya ce a miƙo, ɗaya ta abin sha wadda yara zasu buɗe sau ɗari. In kuka haɗa su wuri ɗaya kafin tsakar rana naman yana iyo cikin ruwan ɗumi, ga kuma ruwan jininsa a jikin kwalaben da mutane ke kaiwa baki. Ƙanƙara kuma babban dunƙule yafi ƙanana daɗewa nesa ba kusa ba, mafi sauƙi ku cika robobin ruwa ku bar ɗan fili a sama saboda ruwa yana kumbura in ya daskare, ku sa a firiza tun kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Suna riƙe sanyi, basa jiƙa kaya, da yamma kuma ku shanye na kular abin sha. A jera wasu a ƙasa, nama a kai, wasu robobin a sama saboda sanyi ƙasa yake sauka, duk ramin da ya rage a cusa tawul don kular da take cike ta fi mai rabi riƙe sanyi. In kular a ɗaki mai zafi take ajiye, a zuba mata ƙanƙara kaɗan tun dare ta huce.

Sauran kaya a tara su bakin ƙofa a daren, kar a bari sai da safe ana neman makulli. Murhun gashi da wayarsa, abin kama nama guda biyu, wuƙa a naɗe cikin tsumma, katakon yanka, tire biyu, foyil, ashana da laita duka biyun, tsohuwar jarida, bokiti, ƙaramin shebur in akwai, tabarmi, lema, sabulu, tishu, manyan ledojin shara fiye da yadda kuke zato, tocila, pawa banki, igiya doguwa, maganin sauro, hula, da akwatin magani mai filasta da bandeji da maganin ciwon kai. Mai asma ko ciwon suga ya ɗauko nasa maganin da kansa. Gishiri ma a sake dubawa, shi aka fi mantawa.

Hanya

A duba safaya da jak da mai. Kular nama a cikin mota take zama inda ake zaune, ba a but ba, don but zafi yake ɗauka. Tabarmi da lema su ne ƙarshen shiga tunda su za a fara fitarwa. Ku fita da wuri, wanda ya isa ƙarfe tara shi ke samun bishiya.

In kun isa

Kar a ajiye mota dab da ruwa inda ƙasa ke da laushi, kar kuma a ajiye ta a kan doguwar busasshiyar ciyawa saboda zafin salansa yana iya tada gobara. Kafin a shimfiɗa tabarma a ɗaga kai a duba bishiyar, busasshen reshe ko gidan zuma ko rina, sannan a duba ƙasa ko akwai gidan tururuwa. Kula ta fara samun inuwa kafin mutane, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul, kuma a tuna inuwa tafiya take, inda yake da sanyi ƙarfe goma rana ce ƙarfe biyu.

Sai a duba iska. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, shi yasa a bakin babban tafki iska takan taso daga ruwa ta nufo tudu. To murhu sai ya kasance ta bayan masu zama, ɓangaren tudu, hayaƙi ya wuce can maimakon ya wuni a idon jama'a. A bar aƙalla mita 3 tsakanin wuta da mota ko lema ko rassan da suka sauko, a share ciyawa da ganye a kewayen, a ajiye bokiti cike da ruwa a gefe tun kafin a ƙyasta ashana. In da duwatsu zaku yi murhu kar ku ɗauko na cikin ruwa ko na bakinsa, danshin da ke cikinsu in yayi zafi yana iya fasa dutsen ya fallatso.

Hura wuta

Fetur a'a. Ba "ɗan kaɗan" ba, a'a gaba ɗaya, tururinsa ne ke kamawa kuma wutar tana iya bin zubin ta koma cikin robar da ke hannun mutum. Kananzir ma barin wari yake a nama. Ga hanya mai sauƙi, a murɗe jarida ko tishu kamar guda uku a ɗiga musu man girki, a ɗora ƙananan itace a kai, a tara gawayi a kewaye kamar dala a bar ƙofa ta inda iska ke zuwa, a kunna daga ƙasa. In ta kama sai fifita. Katako mai fenti ko guntun kujera ko leda duk kar su shiga wutar da za a ci abin da ke kanta. Haka waya, a yi amfani da wadda aka yi don gashi, tsohon shelf ɗin firij ko ragar shinge mai ƙyalli suna da rufin sinadari da ke tashi in sun ji wuta.

Daga nan sai haƙuri, kuma nan ne mai wuta zai sha surutu. Gawayi yana son minti 20 zuwa 30 kafin ya shirya, alamar ita ce harshen wuta ya kwanta, gawayin yayi ja a ciki toka fara ta rufe shi. In aka ɗora nama a kan harshen wuta waje zai yi baƙi ciki na jini. Duk wanda ya matsa maka da "malam ɗora mana yunwa muke ji" ka miƙa masa ayaba.

Da ya shirya sai a ture kashi biyu cikin uku na garwashin gefe guda, ɗaya gefen a bar shi da kaɗan ko babu. Wannan raba wutar shine rabin iya gashi wallahi, gefe mai zafi na sa nama yayi ja, gefe mai sauƙi na nunar da ciki da kuma gudun hijira in kitse ya tada wuta. Don gane zafi a ɗaga tafin hannu kamar santimita 12 sama da waya a ƙirga, in daƙiƙa 2 zuwa 4 ka janye wuta ce mai ƙarfi, 5 zuwa 7 matsakaiciya, 8 zuwa 10 ta yi ƙasa. A bar wayar tayi zafi, a soki rabin albasa da cokali mai yatsu a goge ta, a shafa ɗan mai.

Wani abu da bai kamata a yi wasa dashi ba, ko ruwan sama ya sauko kar a shigar da murhu cikin tanti ko mota ko wani rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, bata da wari bata da launi, mutum zai ji kansa na ciwo barci na ɗibarsa shikenan. Garwashin da ake ganin ya kusa mutuwa ma yana fitar da ita.

Gashin kansa

Dankali a naɗe a foyil a cusa gefen garwashi tun farko don yana cin minti 40 zuwa awa ɗaya. Masara ta biyo baya, ita ke rufe bakin yara. Kaza mai ƙashi ta hau da wuri, a fara mata a gefe mai zafi fata tayi ja sannan a maida ta gefe mai sauƙi, jimla kamar minti 35 zuwa 45 ana juyawa. Naman tsinke minti 8 zuwa 12 ne a wuta mai ƙarfi, in tsinken na itace ne a jiƙa shi a ruwa rabin awa don kar ya ƙone, kuma kar a matse yankan da juna. Kifi a ƙiyasta minti 10 ga kowane kaurin santimita 2 da rabi, a juya shi sau ɗaya kawai, in ya manne a waya a ƙyale shi zai saki da kansa.

A riƙa fito da naman da za a ɗora yanzu kawai, sauran ya zauna a kula. Tire ɗaya na ɗanye ɗaya na gasasshe, haka abin kamawa, kuma wannan shine kuskuren da aka fi yi, a gasa kaza da kyau sannan a maida ta kan tiren da ta fito ɗanya. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi a janye naman gefe, kar a watsa ruwa toka zata tashi ta bi abincin. Duk abin shafawa mai suga ko zuma sai minti biyar na ƙarshe.

Mai ƙaramin ma'aunin zafi na nama ya huta da gardama, kaza digiri 74 a wuri mafi kauri ba tare da taɓa ƙashi ba, niƙaƙƙen nama 71, tsokar sa ko rago 63 sannan a barta ta huta minti 3, kifi 63. In babu sai a tsaga cinya har ƙashi, ruwan da zai fito ya zama fari tas babu ja ko kaɗan, in ana shakka a ƙara mata lokaci a gefe mai sauƙi.

Ruwan tafkin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum dubu 300 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin yafi shafa. Abin da mutane basu sani ba shine nutsewa shiru ake yinta. Babu ihu babu ɗaga hannu, mai nutsewa baya samun numfashin da zai yi kira, kansa ne kawai ke ɗagowa yana komawa, cikin ƙasa da minti ɗaya an daina ganinsa. Kuma lokacin da aka fi shagala shine daidai lokacin da aka sauke nama kowa ya juya wa ruwa baya. Shi yasa na ce a sa mutum da suna, minti 20 nasa ne, babu waya babu hira babu faranti a hannu, in lokacinsa ya cika ya miƙa wa na gaba baki da baki, "yaya yanzu ke ce, su biyar ne, ga su can." Ƙananan da basu iya ruwa ba kar su wuce inda hannun babba zai kai.

Tafki ba kwamin wanka bane, ƙasansa baya tafiya a hankali. Taku biyu ruwa a gwiwa na uku babu ƙasa, musamman a dam inda tsohuwar hanyar kogi ke nan a ƙarƙashi, ga kututture da ciyawa mai naɗe ƙafa, ga sanyin ƙasa mai sa jijiya ta ɗaure. Kar a yi tsalle da ka cikin ruwan da ba a ga ƙasansa ba, kar a kusanci bangon dam ko inda ake sakin ruwa. In za a hau kwale-kwale kowa da rigar hana nutsewa ta gaskiya a ɗaure, balan-balan ɗin yara da ake hurawa abin wasa ne. Wanda ya sha abin maye ko maganin da ke sa barci ba shi ba ruwa. In wani ya shiga matsala kar wanda bai ƙware ba ya faɗa, mai nutsewa danne duk wanda ya kama yake, a miƙa masa doguwar sanda ko a jefa masa jarka marar komai a rufe ɗaure da igiyar nan da na ce a taho da ita.

Ko an iya ruwa ma a tambayi mutanen wurin. A ƙasashe masu zafi tafkuna da yawa suna da dodon koɗi mai ɗauke da cutar tsargiya, tsutsar ta fata take shiga ko da wasa kawai aka yi a gefe, kuma sai bayan makonni alamar ke fitowa. Wasu wuraren akwai kada ko dorina. In kuka ga ruwan yayi kore kamar an zuba fenti a samansa kar kowa ya taɓa, irin wannan gansakukar tana iya zama mai guba.

In hadari ya taso, ko wani ya ƙone

Da an ji tsawa kowa ya fito daga ruwa, kar a fake gindin bishiya, cikin mota gilashi a rufe yafi. Sauti yana cin kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa 3, to in tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba tana kusa, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a koma. In tun safe hasashen yanayi ya nuna haka gara a ɗaga, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙuna kuma ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi ake kwarara mata har minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba mai. In ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko a fuska ko hannu take, ko ƙaramin yaro ne, asibiti kai tsaye.

Tashi

A daina ƙara gawayi awa ɗaya kafin lokacin tafiya, kuma a sa lokacin tafiyar da sauran haske, tattara kaya a duhu sauro na cizo shine yadda ake barin wuƙa da makullin wani a ciyawa. Mai wuta ya baza garwashin, ya yayyafa ruwa a hankali yana kauce wa tururin, ya juya da sanda ko shebur, ya sake yayyafawa har sai ƙarar ta daina kuma ya kai bayan hannu kusa bai ji ɗumi ba. Kar a binne garwashi da yashi, yashi ɓoye wutar yake baya kashe ta, tana iya kwana da zafinta wani yaro yazo gobe ba takalmi ya taka. Tokar da ta mutu a kwashe a kai inda aka tanada ko a tafi da ita, ba a zubawa a tafki.

Kwanuka masu maiƙo a goge da tishu a ƙulle a leda sai an je gida. In dole sai an wanke a can a matsa kamar mita 60 daga bakin ruwa. Ƙasusuwa da foyil da murafen kwalba da tsinkaye duk a leda, in kwandon sharar wurin ya cika a tafi da ita a but. A jeru a bi wurin sau ɗaya ana duba ƙasa, a ƙirga yara a kowace mota kafin a tada, don in motoci biyu ne kowace tana iya zaton yaro yana ɗayar.

Naman da ya rage kuma a duba shi da agogo. Wanda aka maida kula cikin awa biyun nan ko awa ɗaya in ana zafi, kuma har yanzu akwai ƙanƙara a ciki, yana shiga firij da an isa gida a cinye shi cikin kwana 3 zuwa 4 bayan an ɗumama shi yayi zafi har ciki. Wanda ya wuni a tire kuwa, ko kular da aka buɗe aka tarar ruwanta ya koma ɗumi, a zubar kawai. Kular nama a wanke ta da sabulu a daren, a barta a buɗe ta bushe kafin a rufe.